Ka Cire Kwaɗon nan Kafin Ka Hau Motar Kaduna

Ota, ƙasar Yarabawa.

Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da mahaifiyarka da ƙannenka. Allah ya tsare min ku a gida da hanya, ya raba ku da sharrin ƙarfe da sharrin wuta da sharrin mutum. Ni ma lafiya lau nake, in ban da gwiwar nan da ba ta jituwa da daminar kudu, ruwa kullum kamar an huda sama. Ka gaishe min da Kawu Sule da duk mutanen layinmu na Maitumbi.

Labari ba ni da shi, kuma ba shi ya sa na ɗauki biro ba. Ranar Juma'a da muka yi waya na ɗaga maka murya har katina ya ƙare, na tsaya a bakin masallaci da waya a kunne ina faɗa da iska, mata masu tallar lemo suna kallona. Na san da ka ajiye wayar ka ce wa mahaifiyarka tsohon nan ya fara rikicewa. To ban rikice ba. Ga maganar a rubuce, inda kati ba zai yanke ni ba, kai kuma ba za ka ce sabis ne ba kyau ba. Malam Isa, direban da ke kawo doya nan kudu, shi zai miƙa maka ita. Ya yi min alkawarin zai iso Minna kafin ranar da za ka tafi Kaduna kwas ɗinka.

Bari in maimaita abin da ka gaya min, don kada ka ce na ƙara gishiri. Ka ce Alhaji Ndagi, Banufen nan maƙwabcinmu mai gidan fiya wata, ya gaji da tankinsa yana ambaliya, famfon rijiyarsa kuma yana jan iska. Ka sa ya sayi ƙaramin PLC, akwatin nan mai ƙwaƙwalwa da ke kunna inji ya kashe shi bisa umarnin da aka rubuta masa. Ka haɗa wayoyin da hannunka, ka rubuta firogiram ɗin da kanka. Yanzu tanki na cika famfo ya tsaya, ruwa na ja da baya a rijiya famfo ya huta. Wallahi da ka kawo nan sai da na ji ƙirjina ya buɗe. Na ce a raina, tun bai je makarantar abin ba ɗana ya yi abin da ubansa ya yi furfura bai iya ba. Sai ka yi dariya ka ce, "Baba, ai na kulle masa shi da lambar sirri. Ko wa ya kawo ba mai iya leƙawa ciki. Dole ni zai nema, ko ina Kaduna."

Dariyar ce ta fi ƙona min rai, Abba, don na san ta. Tawa ce. Ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ni kuma duk gudun da na yi a duniya, wannan ne kaɗai na roƙi Allah kada ka gada. Da na tambaye ka wa ya koya maka, ka ce kowa haka yake yi. Kowa! Ka je ka duba inda kowan nan ya kai mu.

Ka san na yi shekaru a masaƙa a Kaduna, tun kafin a haife ka har ka shiga sakandare. Abin da ka sani shi ne ubanka babban mai gyaran wuta ne, ana zuwa har gida a ɗauke shi da motar kamfani. Abin da ba ka taɓa tambaya ba shi ne me ya sa sai shi. A lokacin babu PLC. Fanel ne, akwatin ƙarfe tsayin mutum, cike da rile da kwantakta da taima, ƙananan na'urorin da ke kunna wuta su kashe ta, wayoyi a ciki kamar taliya. In inji ya tsaya sai wanda ya san inda kowace waya ta fito da inda ta nufa. Zanen da ya zo tare da injunan ya daɗe da yagewa, abin da ya saura yana cikin kaina. Kuma akwai wata ɗabi'a da muke da ita, mu ogogin wancan zamani, wadda ni ma a wurin ogana na same ta. In gyara ya kai wurin da asirin yake, sai ka laluba aljihu ka ce wa mataimakinka, "Je ka bakin get ka sayo min goro." Kafin ya je ya dawo ka taɓa abin da za ka taɓa, inji ya tashi. Ya dawo da goro a hannu ya tarar ana ta sannu Oga, sannu Oga.

Mataimakina sunansa Ɗanjuma, Bagwari ne daga Gwada. Kada ka ɗauka yaro ne. Magidanci ne da mata da 'ya'ya, kuma hannunsa ya fi nawa tsabta wajen haɗa waya. Ya sayo min goro har mai goron ta san shi, tana hango shi sai ta fara zaɓo farare. Wata rana ya ce min, "Oga, in na sayo goron tun da safe na ajiye a aljihu fa?" Na ce, "Na safe ya bushe." Muka yi dariya ni da shi, amma ni kaɗai ke jin daɗin dariyar. Da kamfani ya fara rage ma'aikata, manaja ya tambaye ni ko Ɗanjuma zai iya riƙe sashen in ba na nan. Na ce bai iya ba. Gaskiya na faɗa, amma wa ya hana shi iyawa? Sunansa na cikin na farko da aka manna a allo.

Bayan shekaru, da na zo gida hutun sallah, na je kasuwar Gwada sayen doya na gan shi ya zama dillali, rana ta dafa shi. Na so in zille ta bayan wata mota, ya riga ya gan ni. Ya russuna ya gaishe ni kamar yadda ya saba, ya zaɓo min manyan doya ya ƙi karɓar komai. Da zan tashi ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Oga, yanzu wa yake sayo maka goro?" Doyar nan kun ci, kun ce ta yi gari. Ni ko loma ɗaya ban iya haɗiyewa ba.

Saboda haka ka ji ni. Duk wanda ya tsaya a bayanka yana riƙe maka tocila, ka matsa masa ya ga hannunka. Abin da ka sani ba ya raguwa don wani ya gani. Kuma mutumin da ake nema don shi kaɗai ya san inda aka ɓoye abu, ba sonsa ake yi ba, haƙuri ake yi da shi har ranar da za a sami hanyar rabuwa da shi.

Tawa ranar ba ta daɗe ba. Kamfani ya kawo sababbin injuna masu PLC, da wani injiniya daga ƙasar waje da zai kafa su. Ba zan faɗi ƙasarsa ba, don kada ka ɗauka halin ƙasa ne, alhali halin mutum ne. Kuma in za a faɗi gaskiya mutumin ya san aikinsa, ban taɓa ganin wayarsa ta yi lilo ba. Aka ce za a zaunar da wasunmu a koya mana abin. Na ƙi. Na ce ni da ake zuwa ɗauka da mota zan zauna a benci a koya min danna maɓalli? Na riƙa kiran PLC ɗin sandar sabulu, ina cewa bari zafin Kaduna ya narkar da ita su dawo wurina. Ba ta narke ba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Akwatin da bai fi sandar sabulun ba ya cinye aikin fanel guda cur, ina tsaye ina kallo.

Da na ga abin ba wasa ba ne sai na fara raɓe-raɓe. Girman kai ya hana ni cewa koya min, sai dai in zo in tsaya a bayan injiniyan kamar mai neman sukundireba. Rannan yana tsakiyar aiki, na miƙa wuya ina kallon laftof ɗinsa. Ya ɗan karkatar da ita, ya yi murmushi, ya ce min da Turanci, "Malam Haruna, ko za ka taimaka ka samo min shayi?" Na ce to. Sai da na kai rabin hanyar kantin ma'aikata ƙafata ta tsaya da kanta. Na tsaya a rana, ni Haruna, da kofin wani a hannu. Na kai masa shayin kuma, har da tambayarsa ko sukari ya ji.

Kada ka bari girman kai ya hana ka zama a benci. A Kaduna za ka tarar da waɗanda suka fi ka, wasu ma ƙannenka ne a shekaru. Don ka sa famfon Alhaji ya tsaya da kansa kada ka shiga aji kana jin kai ne ka ƙera abin. Ka tambaya ko za a yi maka dariya. Dariyar aji ba ta kai ciwon riƙe kofin shayi ba.

Injiniyan ya gama ya koma ƙasarsu, ya bar kowane akwati a kulle da lambar sirri, daidai irin abin da ka yi. To ga abin da kwaɗo ke haifarwa, ka karanta nan a hankali. Akwai wani injin matse yadi mai manyan rola biyu, da ƙofar raga a gabansa. A jikin ƙofar akwai sensa, aikinta in an buɗe ƙofa ta gaya wa PLC, shi kuma ya tsayar da rola. Sai injin ya fara tsayawa haka kawai ana cikin aiki. Ba mai iya buɗe firogiram ya ga me ke tsayar da shi. Aka buga wa mutumin waya, ya ce sai an aika masa tikitin jirgi, kuma yana da wani aiki a gabansa. Yadi ya taru, manaja yana tsaye a kaina yana cewa, "Haruna, ba kai ne ka ce ba abin da ya gagare ka ba?" A jikin akwatin akwai 'yan fitilu da ke nuna wace waya ke kawo saƙo da wadda ta yi shiru. Da a ce na zauna a bencin nan da na raina, da kallo ɗaya ya ishe ni. Ban iya karanta su ba. Na yi ta lalube har na gano in na haɗa bakin wayoyin sensar ƙofa da guntuwar waya, abin da muke kira gada, inji ba ya tsayawa. Ashe wayar sensar ce ta goge a ƙarƙashin ƙasa, gyaran da bai fi ƙarfina ba. Amma gada ta fi sauri, kuma ana ta sannu Oga. Na ce gobe zan dawo in bi wayar. Goben ba ta zo ba.

Mai tuƙa injin sunansa Iliya. Zare ya naɗe a rola, ya buɗe ƙofa kamar yadda ya saba kullum, ya sa hannu, don ya san in ƙofa ta buɗe inji na tsayawa. Gadata ta ce wa PLC ƙofa a rufe take. Yatsun hannunsa na dama suka tafi, sai babban yatsa ya rage. Aka bincika aka ga gadar, ban musa ba, na ce ni na sa. Ka san hukuncin da aka yi min? Takardar gargaɗi. Ba su iya korata ba, don har lokacin ni kaɗai na san cikin tsofaffin fanel. Rowar da na yi wa Ɗanjuma ita ta cece ni daga haƙƙin Iliya. Iliya kuma aka sallame shi, tunda mai yatsa ɗaya ba ya tuƙa inji. In akwai abin da ya fi wannan ƙazanta a rayuwata ban san shi ba.

Ba na ɗora wa baƙon nan laifina. Hannuna ne ya sa gadar. Amma shi ya kashe fitilar ɗakin da na yi lalube a ciki, ya tafi da ashana a aljihunsa. Kai ma abin da ka yi ke nan.

Ka zauna ka yi tunanin Markus. Markus mutumin Zonkwa da ke kula da injunan Alhaji, wanda matarsa ke aiko mana da shinkafar Kirsimeti kowace shekara, wanda ya koya maka hawa mashin a bayan gidan ruwan. Ka san zafin Minna kafin ruwan farko, lokacin da kowa ke neman ruwan sanyi. Masu keke da 'yan kura sun yi layi tun daga get suna jiran lodi. Sai ƙwallon nan da ke yawo a cikin tanki yana nuna cikarsa ya maƙale, ko ɓera ya ci waya, famfo ya ƙi tashi. Alhaji ya fito da hula a karkace yana cewa, "Markus, me na ajiye ka kake yi a nan?" Markus ya kira ka, kana aji, wayarka a kashe. Ya kira wani mai gyara, ya zo ya sa laftof, akwati ya ce kawo lamba. Me kake tsammani Markus zai yi? Zai ɗauki guntuwar waya. Wallahi zai ɗauka, don ni na ɗauka, kuma na fi shi sanin haɗarinta. In Allah ya taƙaita, famfo ya ja iska ya ƙone, Alhaji ya kore shi. In bai taƙaita ba, mutum ne tsaye a kan jiƙaƙƙen siminti da silifa, hannunsa a cikin akwatin wuta. Kai kuma kana Kaduna kana jiran a neme ka. To za a neme ka, amma ba irin neman da kake so ba.

Sunan mahaifina gare ka, shi ya sa ban taɓa iya kiranka da shi ba. Kakan nan naka ya haƙa rijiya a ƙofar gidansa a Kagara, rani ya yi rani, bai taɓa sa mata murfi da kwaɗo ba. Yau mai sunansa ya sa wa rijiyar wani kwaɗo, ya zuba makullin a aljihu zai hau mota.

Na ji abin da ka fara cewa kafin katin ya yanke, wai Alhaji yana kiranka yaro, kuma kana tsoron ya kawo wani ya kwafe aikinka ya je yana sawa a wasu gidajen ruwa. Ban ce ba ka da magana ba. Na san Alhaji Ndagi tun kafin ya je Makka, mutum ne mai son a yi masa aiki ya biya da "Allah ya yi albarka". In akwai abin da ke tsakaninku ka ɗauki Kawu Sule ku je ku zauna da shi, ka faɗa masa a fuskarsa da rana tsaka. Wannan ita ce hanyar 'ya'yan halak. Amma ka bar ƙugiya a cikin kayan mutum bai sani ba, wannan ba ciniki ba ne, tarko ne. Batun kwafa kuwa, su kwafa mana! Firogiram ɗin famfo da tanki ne fa, Abba, ba maganin mutuwa ba. In har abin da ka iya yau shi ne iyakar abin da za ka iya, to zuwa Kadunan na mene ne? Ban hana a kulle akwati don kada mai ƙaiƙayin hannu ya taɓa ba, akwai wurin da hakan ya dace. Amma makulli na mai gida ne. Magini ba ya gama ɗaki ya tafi da makullinsa.

Masaƙarmu ta mutu, ka sani. Ba zan yi maka ƙarya in ce lambar sirri ce ta kashe ta ba. Yadin fasa-ƙwauri ya kashe ta, da tsadar baƙin mai, da wutar da ba ta zama, da manyan da suka ci suka goge baki. Amma na ga injuna sababbi fil, da ledarsu a jiki, an sayar da su a kilo ga 'yan gwangwan, saboda ba wanda ya san abin da ke cikin kansu. Ƙasar da madatsar Shiroro ke bayan gidanmu amma ƙannenka na karatu da fitilar kwai, ƙasar da kowa in ya san abu sai ya zauna a kansa kamar kaza a kan ƙwai har ya ruɓe. Ita ta jefo ni nan, ina gyaran wuta a kamfanin biskit, ina kwana a ɗaki ɗaya da rufin da ke yoyo, ina ganinku daga sallah sai sallah. Da shekaruna.

Kuma ka san wa ya koya min PLC daga ƙarshe? Wata Bayarabiya, Injiniya Folake, da ba ta fi yayarka Zainabu da yawa ba. Makon farko da na zo ta gan ni ina raɓe a bayanta irin raɓewar da na saba. Da ta ɗago kai har na fara laluben inda ake sayar da shayi. Sai ta jawo kujera da ƙafa, ta juyo min da laftof ɗin gaba ɗaya, ta ce da Turancin buroka, "Baba, zauna mana. Wuyanka zai yi ciwo." Ta nuna min zanen, layi biyu a tsaye da matakala a tsakani kamar tsani. Na duba na duba, na ce, "Yarinya, ai wannan zanen rile ne!" Ta ce, "To da me ka ɗauka? Kai ka fi ni saninsa, ni maɓallan kawai na fi ka sani." Abin da na guje wa shekara da shekaru, ashe harshen da na tashi da shi ne aka sa masa sabuwar riga. Na koma ɗaki na zauna a bakin katifa, takaici ya hana ni cin abinci.

Tunda makarantar abin za ka, ga ɗan abin da na tsinta, ka haɗa da na malamanka. Akwatin nan ba shi da hankali ko na sisi. Yana duba saƙon da wayoyi suka kawo masa, ya bi tsanin daga sama zuwa ƙasa, ya kunna abin da aka ce ya kunna, ya koma sama ya sake, sauri fiye da ƙiftawar ido. Abin da waya ta gaya masa shi ne gaskiya a wurinsa, ko da ƙarya ce. Don haka in inji ya tsaya kada ka ruga ka buɗe laftof don a ga kai injiniya ne. Ka fara duban 'yan fitilun nan, ka bi waya da mita. Yawancin ciwon a waje yake, ko sukuru ya kwance, ko ƙura ta rufe sensa, ko ƙadangare ya shiga fanel ya gasa kansa. Firogiram ba ya canza kansa da kansa.

In ba ka iya haɗa maɓallin tashi da na tsayawa da kwantakta ɗaya da hannunka ya riƙe kansa ba, wato inji ya ci gaba da aiki bayan ka ɗaga yatsa, kada ka yarda a ba ka takardar shaida, ko da ruwan zinariya aka rubuta ta. Na ga masu irin takardun nan a nan, sun haddace sunan kowane maɓalli a kwamfuta, amma a miƙa musu filaya su riƙe ta kamar cokali. Maɓallin tsayawa kuma a haɗa shi yadda in wayarsa ta tsinke inji zai tsaya, ba yadda zai ƙi tsayawa ba. Jan maɓallin nan na gaggawa, shi kam kada ka taɓa barin ransa a hannun firogiram kaɗai, ya yanke wuta da waya kai tsaye. Kuma duk abin da ka rubuta ka tambayi kanka tambayar da mai rubuta littafin a ƙasarsu bai damu da ita ba: in an ɗauke wuta ana cikin aiki, aka dawo da ita ba sallama, me injin zai yi? In zai tashi da kansa alhali wani ya sa hannu yana dubawa, ka goge ka sake.

Za su koya maka yadda ake tilasta wa akwatin daga cikin kwamfuta ya ɗauka sensa ta kawo saƙo alhali ba ta kawo ba. Gada ce ita ma, kuma ta fi tawa muni, don tawa ko ba komai ana ganinta da ido. In gwaji ya sa ka yi, kada ka ɗaga ƙafa daga wurin sai ka cire. Kada ka ce gobe. Na gaya maka abin da gobe ta yi wa Iliya. Sannan kowace matakala ta tsanin ka rubuta mata suna da aikinta da maganar da mutum zai gane, don wanda zai zo bayanka, ko kai kanka in ka manta.

Yanzu ga abin da nake so, kuma ba shawara nake ba ka ba. Kafin ka hau motar Kaduna ka je gidan ruwan da laftof ɗinka. Ka cire lambar nan, ko ka miƙa wa Alhaji ita hannu da hannu a gaban Markus. Ka ba su kwafin firogiram ɗin, ka buga zanen a takarda ka manna a cikin ƙofar fanel. Sannan ka jawo wa Markus kujera. Ka nuna masa fitilar da ke kamawa in tanki ya cika, da wadda ke mutuwa in ruwa ya ja baya a rijiya, da abin da zai duba in famfo ya ƙi tashi, da abin da ko Alhaji zai fasa maƙogwaro kada ya taɓa. Ka bar shi ya yi da hannunsa kana kallo. In hakan zai sa ka rasa motar safe, ka rasa ta, akwai ta rana.

Albarkata ba ta da kwaɗo, ba zan ce sai ka yi kaza zan sa maka ba. Na sa maka tun ranar da aka yi maka huɗuba. Amma kada ka kira ni ka ce Baba na yi. Markus nake so ya kira ni da wayarsa, ya gaya min da bakinsa wace fitila ce ta tankin sama. In ya faɗa daidai, na san ɗana ya tafi Kaduna da hannu mai tsabta, ni ma in sami barci. In kuma kuna cikin yi ka ji kana sha'awar goro, ka bar Markus a gaban laftof ɗin ka je ka sayo da ƙafarka.

Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Allah ya tsare hannunka daga wuta, ya tsare hannun mutane daga aikinka. Ya haɗa ka da malamai masu juyo da allo, ya sa ka fi ubanka ta kowace fuska. Ka ce wa mahaifiyarka yajin da ta aiko ya iso, kuma ta daina cewa na rame, ba ta gan ni ba. Ka shafa min kan ƙannenka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Haruna